Baƙo da Cokalin Gini: Wa Ke Amfana da Aikin Sa-kai a Ƙetare?

Yau za mu dubi wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai, inda mutum zai biya kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, ya tafi wata ƙasa na mako ɗaya ko biyu, ya kwaɓa siminti, ya ɗauki bulo, don a gina wa marasa galihu gida. Ana yaba wa masu yin haka, ana kuma yi musu ba'a. A ganina amfanin tafiyar bai rataya ga yawan bulon da baƙo ya jera ba, ya rataya ne ga wanda ke riƙe da ragamar aikin.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a 1976 a jihar Jojiya ta Amurka. Kafin nan sai da suka shafe shekara uku, daga 1973, a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, suna gwada tsarin. A wannan tsari, gidan ba kyauta ba ne. Iyalin da za su shiga sai sun zuba guminsu a ginin nasu da na maƙwabta, sannan su biya kuɗin a hankali. Fuller ya kafa tsarin ba tare da riba ko kuɗin ruwa ba, abin da ba zai zama baƙo ga kunnen Musulmi ba, kuma abin da aka biya shi ake juyawa a gina wa na gaba. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa Rosalynn sun shiga aikin a 1984 a birnin New York, suka kai shi har Leogane ta Haiti a 2011 da 2012 bayan girgizar ƙasar 2010. A 2019, yana da shekara 95, Carter ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, amma ya bayyana a Nashville da kumburarren ido, ya kama aiki.

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Marubuciya Pippa Biddle ta bayyana a 2014 yadda ita da 'yan makarantarsu suka je Tanzaniya gina ɗakin karatu. Su yi ta jera bulo yini guda, da dare kuma magina 'yan gari su zo su rushe abin da suka ɗora a karkace, su sake shi, don kada baƙi su ji kunya da safe. Ke nan maginin gari ya yi aiki biyu, hoto kuma na baƙo ne. Ana kuma cewa kuɗin jirgin mutum ɗaya ya isa a biya magini da leburori na watanni, a garin da matasa ke zaman kashe wando. Wannan lissafi daidai ne, sai dai ya ɗauka cewa kuɗin za su zo ko da babu tafiyar. Yawanci ba haka ba ne. Wanda bai taɓa ganin rufin da ke yoyo ba, da wuya ya aika da abin kirki, alhali kuɗin da ɗan sa-kai ke biya ya kan haɗa da gudummawar sayen siminti da kwano, kuma wanda ya dawo shi ke tara wa aikin kuɗi a wurin danginsa.

Abin da ya lalace a Tanzaniya shi ne an miƙa wa ɗan koyo cokalin gini. A aikin gayya da muka sani, mai gona ne ke kira, shi ke nuna inda za a fara, ba a kuma zuwa masa da tsari daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan magini ɗan gari ne ke riƙe da igiyar awo ana biyansa haƙƙinsa, baƙo kuma yana tura baro da ɗaukar kwanon sarki, to babu wanda aka ƙwace wa abinci. Batun ƙulla zumunci kuwa, kada a cika baki. Mako guda ta bakin tafinta ba ya sanar da kai mutane, ko da yake cin tuwo a kwano ɗaya bayan an sha rana tare ya fi leƙe ta tagar motar 'yan yawon buɗe ido.

Don haka, mai sauraro, ko kai ne ke shirin irin wannan tafiya, ko garinku ne za a kawo wa baƙin, ka tambaya tun kafin a sauke yashi: wa ya zaɓi masu gidan, wa ke biyan magini, kuma wa zai gyara rufin idan damina ta zo baƙi sun koma? In ba a ba ka amsa ba, kada ka sa hannu.