Ba Kowace Ƙungiyar Turkawa a Amurka Ce ta Gulen ko ta Erdogan Ba

Tun bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi a Turkiyya a watan Yulin 2016, wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ta ishe ni. Da zarar an ambaci ƙungiyar da ke haɗa Turkawa da Amurkawa, sai mai sharhi ya gyara zama ya yanke hukunci: ko ta almajiran Fethullah Gulen ce, malamin da aka zarga da kitsa yunƙurin, ko ta shugaban Turkiyya Erdogan, ko kuwa mafakar 'yan leƙen asiri. Na san mafarin zargin, domin a kan idonmu makarantun Turkawa na Nijeriya suka sauya suna saboda wannan rikici. Amma hakan bai ba kowa lasisin yin kuɗin goro ba.

Ga American Turkish Society da ke birnin New York, ƙungiya mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba, aikinta ƙulla zumuncin kasuwanci da al'adu. An kafa ta a 1949. To, a yi lissafi mana. A wannan shekara Gulen yaro ne ƙarami a lardin Erzurum, kuma bai koma Amurka ba sai 1999. Erdogan kuwa ba a ma haife shi ba sai 1954. Ta yaya za ta zama tasu? Gaskiya ne siyasar zamanin ta share mata hanya, don Amurka ta fara tallafa wa Turkiyya a 1947, Turkiyya kuma ta shiga NATO a 1952.

Wanda ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar har ya rasu a 2006 shi ne Ahmet Ertegun, kuma sana'arsa fitar da faifan waƙa. Mahaifinsa jakadan Turkiyya ne a Washington. A zamanin da wariyar launin fata ta hana Baƙaƙe shiga wuraren Turawa, shi da yayansa Nesuhi sukan gayyato makaɗan jaz Baƙar fata gidan jakada, su shigo ta babbar ƙofa, a ci abinci tare, a yi kiɗa. A 1947 ya ranto dala 10,000 daga likitan haƙorin gidansu, shi da abokinsa suka kafa kamfanin Atlantic Records, inda Ray Charles da Aretha Franklin suka yi tashe. Shi ya sa har tallafin karatun kiɗa ƙungiyar ke bayarwa, ban da tarukan 'yan kasuwa da laccoci. Wanda bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a majalisa.

Ba cewa nake babu ƙungiyoyin da ke yi wa gwamnatoci ko ɗariƙun siyasa aiki a Amurka ba. Akwai su, kuma akwai hanyar gane su. Tun 1938 dokar ƙasar ta tilasta wa mai yi wa gwamnatin waje kamfe ya yi rajista da ma'aikatar shari'a, sunayen kuma suna nan a intanet. Ƙungiyar da aka yafe wa haraji kuwa, duk shekara sai ta miƙa bayanin kuɗin da suka shigo da inda suka tafi, kuma kowa na iya dubawa. Kafin ka tura saƙon tonon silili a WhatsApp, duba shekarar da aka kafa ƙungiyar. Duba su waye 'yan kwamitinta. Karanta abin da ta yi bara, kada ka tsaya ga abin da wani ya ce an ce.

Sannan ɗalibai da 'yan kasuwarmu masu zuwa Istanbul, ku kula da dillalan da ke fakewa da sunayen irin waɗannan ƙungiyoyi. Babu ƙungiyar zumunci da ke buga biza, wannan aikin ofishin jakadanci ne. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom zuwa asusunsa na kansa don ya sama maka gurbin karatu, ka riƙe kuɗinka, ka rubuta wa ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta ka tambaya.