Shin Ko Kun San? Yadda Sawaba Ta Nijar Ta Haɗa Ƙasashe Faɗa

Dattawan Gwale da suka ga zamanin NEPU sun san kirarin Sawaba. To shin ko kun san a Nijar ma an yi jam'iyya mai wannan suna, wadda rikicinta ya hana shugabanni zama inuwa guda?

• Shin ko kun san Djibo Bakary, jagoran Sawaba, shi ne shugaban gwamnatin Nijar lokacin ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba, 1958? Ya nemi jama'a su ce wa Faransa "a'a", kamar yadda Sekou Toure ya yi a Gini. Faransa ta turo gwamna Colombani, aka yi wa Sawaba taron dangi, ta sha kaye. Hamani Diori ya hau mulki, aka haramta jam'iyyar a 1959.

• Ko kun san Kano na cikin garuruwan da 'yan Sawaba suka fake? Sun samu masauki wajen 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano, alhali gwamnatin Sardauna tana ɗasawa da Diori.

• Ko kun san ko bayan samun 'yanci ranar 3 ga Agusta, 1960, sojojin Faransa ba su bar Nijar ba? Shi ya sa 'yan Sawaba suka ɗauka cewa Bature bai tafi ba, riga kawai ya sauya. A ɓoye aka riƙa fitar da matasansu zuwa Sin, Aljeriya, Vietnam ta Arewa da Ghana domin horon yaƙin sunƙuru. Shi kuwa Bakary ya tare a Accra, ƙarƙashin inuwar Kwame Nkrumah.

• Ko kun san a ƙarshen 1964 mayaƙan suka kutsa ta iyakokin Najeriya, Dahomey da yammacin ƙasar? Boren da suka sa ran talakawa za su yi bai tashi ba. An kama da yawa, an harbe wasu a bainar jama'a.

• Ko kun san ranar 13 ga Afrilu, 1965, an jefa wa Diori gurneti a filin Idin Babbar Sallah a Yamai? Ya tsira, kuma kai tsaye ya nuna Ghana da Sin da yatsa.

• Ko kun san wannan zargi ya kusa wargaza taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka? An yi zaman sulhu a Legas a watan Yuni, Ghana ta yi alkawarin sallamar 'yan adawar da ta ba mafaka. Duk da haka, Nijar, Kodebuwa, Upper Volta da Dahomey suna cikin ƙasashe 8 da suka ƙaurace wa taron Accra na Oktoba 1965. A wannan taro ne aka amince da sanarwar hana yi wa maƙwabci zagon ƙasa.

• Ko kun san juyin mulkin da ya kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu, 1966, shi ya karya ƙashin bayan Sawaba? An rufe sansanoni, Bakary ya koma Gini.

Tallafin ɓoye bai ba Sawaba mulki ba, sai dai ya bar gaba mai tsawo. Nijar ba ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin ba sai 1974, bayan Seyni Kountche ya hamɓarar da Diori.