Busasshiyar Ciyawa, Abokiyar Mai Noman Rani

Daga Nuwamba zuwa Maris, fadamun Maska da Danja kan cika da tumatir da tattasai. Sai dai iskar hunturu na saurin shanye danshin ƙasa, ga man injin ban ruwa ya yi tsada. To, mu masu lambun makaranta, ina mafita?

Mu leƙa Chaha, kusa da Vom a Jihar Filato, inda sanyi ya ba manoma damar noman sitiroberi. Saiwarsa ba ta nisa, don haka yana son ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Akan shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa a gindi domin ƙasa ta riƙe danshi, 'ya'yan kuma kada su taɓa laka su ruɓe.

Tumatirinmu ma zai ci moriyar wannan dabara. Mu shimfiɗa ciyawa kaurin yatsu uku, amma kada ta manne wa kara. Mu yi ban ruwa da sassafe, bayan mun tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi, sai gobe. Kada kuma mu bar shuka ta galabaita sannan mu malala mata ruwa. Haka ke sa tumatir tsagewa, tsagagge kuwa ba ya daraja a kasuwar Funtua.