Kada Bashin Damina Ya Cinye Kuɗin Lakwal

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau za mu yi magana a kan abin da ke faruwa a gidajenmu duk shekara idan kaka ta yi. Gero ya nuna, an yanka, an ɗaure, an kai rumbu. Tun ba mu huta ba, sai baƙi uku su yi sallama a ƙofar gida. Na farko shi ne mai bashi, wanda ya ba mu hatsi ko kuɗi da damina. Na biyu ita ce lakwal, da ake buɗewa a watan Oktoba. Na uku shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Duka ukun kuɗi suke so. Mu kuwa hatsi ne a hannunmu, kuma a lokacin da ya fi arha a kasuwa.

Idan aljihu ya kasa, wanda ake fara sallama shi ne yaro ɗan lakwal, domin shi ba ya kai ƙara wurin maigari. Sau da yawa ma yarinya ce ake cewa ta zauna gida. Wannan hasara ce da ba a ramawa da kaka mai zuwa.

Yadda buhu ɗaya ke zama biyu

Mu ɗauki misali. A ce rumbu ya ƙare a watan Yuli, ga noma bai ƙare ba. Mai gida ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi buhun gero mai tiya 40, a lokacin da buhun ya kai jika 30. Aka yi alkawari zai biya da kaka. Da kaka ta zo, buhu ya faɗo jika 15. Kafin ya haɗa jika 30, sai ya sayar da buhu 2. Ya ci tiya 40, ya biya tiya 80, ko da ba a ɗora masa ribar ko dala ɗaya ba. Buhun nan na biyu da ya fita, shi ne zai sa rumbu ya riga lokacinsa ƙarewa, mai gida ya sake komawa wurin ɗan kasuwa. Waɗanda suka ga wahalar shekarar 2005 a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san gidajen da suka yi shekaru suna biyan bashin damina ɗaya.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne bashin da mai shi bai san iyakarsa ba.

Mu fara da rubutu

Mu da muka shiga yaƙi da jahilci, yanzu muna da makamin da ba mu da shi a da. Mu sayi kaye ɗaya domin lissafin gida kawai. A shafin farko mu rubuta duk wanda ke bin mu: sunansa, abin da muka karɓa, ranar da muka karɓa, abin da za mu biya, da ranar biya. Addini ma ya yi mana wannan horo, domin ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi take yi da kafa shaidu.

Idan muka rubuta, za mu ga basussukan ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ke ƙaruwa kowane wata, akwai na ɗan uwa da zai iya jira. Mu fara biyan mai ƙaruwa. Wanda ba za mu iya biyansa duka ba, mu je mu same shi tun kafin ya aiko, mu ba shi wani kashi, mu sa ranar saura a gaban shaidu. Kada mu ci sabon bashi domin biyan tsoho, kada kuma mu jinginar da gona saboda biki ko suna.

A shafi na biyu mu rubuta abin da lakwal ke ci. A lakwal ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu a azuzuwan farko, amma akwai kaye da bik da allo da alli, da tufafi da takalmi, da gudummawar da kwamitin iyaye ya yanke, da ɗan kuɗin kalaci. Yaron da ya samu shiga kwaleji a wani gari kuma yana bukatar kuɗin mota, da hatsin da za a kai wa mai masaukinsa. Mu tambayi mushe tun kafin a tafi babban hutu abin da yaro zai bukata a aji na gaba. Ranar buɗe lakwal sananniya ce, ba ta zuwa ba zato kamar cuta. Don haka kuɗinta ya kamata su kasance a ajiye tun kafin a yanka gero.

Da yayyafi kogi kan cika

Wani zai ce: yaya mai bashi zai yi ajiya? Amsa ita ce, wanda ba ya da ko kaɗan a ajiye, ƙaramin ciwo ma zai mayar da shi wurin mai bashi. A biya bashi, a kuma ajiye kaɗan a lokaci guda. Dala 20 kowane mako, a shekara sun zama jika 5 da dala 40. Dala 50 kowane mako, a shekara jika 13 ke nan. Wannan ya isa ya rage nauyin Oktoba ƙwarai.

Matanmu sun riga sun nuna hanya. A shekarar 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa asusun Mata Masu Dubara. Mata kamar 20 zuwa 30 suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin suna cikin akwati mai kwaɗo 3, makullan kuma suna hannun mata 3 dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata tana karɓar rance ta yi sana'a, ta mayar bisa dokar da su da kansu suka kafa. Idan zagaye ya cika, sai a fasa asusu a raba. Wannan dabara da aka fara a ƙasarmu ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta.

Shawararmu ga masu asusu ita ce su duba ranar rabo. Idan aka raba gab da salla, kuɗin suna tafiya a atamfa. Idan aka raba a farkon damina, suna sayen iri da cimaka, su hana cin bashi. Idan aka raba a watan Satumba, suna sayen kaye. Maza ma ba a hana su kafa nasu ba.

Ajiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu

Kuɗin da ke cikin aljihu suna da saurin fita. Shi ya sa kakanninmu suke ajiya a dabba. Jar akuyar Maraɗi tana ɗaukar ciki wata 5, kuma takan haifi tagwaye. Mu ware akuya ɗaya mu ce wannan ta lakwal ce, ƴaƴanta ba na biki ba ne. Ragon turka da aka ciyar da harawa da dusa, idan aka sayar gab da babbar salla, mu cire kason lakwal mu kai asusu tun ranar. Amma dabbar da ba a yi wa allura ba ajiya ce a bakin rijiya. Idan ma'aikatan dabbobi suka zo rigakafi, mu fito da su duka.

Noman rani ma yana kawo kuɗi a lokacin da rumbu ke hutawa. Mutanen Galmi da albasarsu, da mutanen Jiratawa da zogalensu, shaida ne. Da kaka kuma, idan dole ne a sayar da wani abu, a fara da wake ko gujiya ko riɗi ko aya, a bar gero ya zama na ƙarshe.

Magaza mai kwaɗo biyu

Ga ƙungiyoyin manoma akwai wata dabara da ake kira warantaji, wadda hukumar FAO ta taimaka aka yaɗa a Nijar daga shekarar 1999. Manoma suna tara amfanin gonarsu a magaza ɗaya da kaka. A sa kwaɗo 2, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ke ba da rance. Asusun ya ba kowa rancen wani kashi na kuɗin buhunansa. Bayan wata 5 ko 6, idan an biya, a buɗe magaza, kowa ya ɗauki kayansa, a lokacin da kasuwa takan tashi. Sai dai a yi hattara. Ba kowace shekara ce farashi ke hawa ba, kuma rancen yana da nasa ƙarin. A zuba shi a turka ko noman rani domin ya biya kansa, a kuma tabbata hatsin ya bushe sarai kafin a rufe.

Mu tare baƙo na uku

Zazzaɓi yana iya cinye ajiyar shekara a mako ɗaya. Kwana cikin gidan sauro ya fi kowane magani arha. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara ƴan ƙasa da shekara 5 suka zo da damina, mu karɓa, mu ba yara har kwana ukun su cika, kowane wata. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a ranar, kada a jira sai ya fara suma ko jininsa ya ƙare, a shiga neman mota zuwa babban asibiti.

Ƴan uwa, aikin wannan mako kaɗan ne. Mai gida da uwar gida su zauna da kaye, su rubuta bashinsu, su rubuta abin da kowane yaro zai bukata a Oktoba, su raba shi bisa makonnin da suka rage. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗansa ɗan lakwal zai taya shi lissafi. A kawo kayen wurin karatu mu duba tare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.