Masu Gina Kango A Kan Tire: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Maourey

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa washegarin gobara ya san kamannin kango. Kwanon rufi ya lanƙwashe, bango ya yi baƙi daga saman taga, ƙofar ƙarfe ta karkace, toka ta haɗu da ruwan 'yan kwana-kwana ta zama caɓi. Mazauna unguwar Maourey da ke tsakiyar birnin Yamai ba baƙi ba ne ga wannan gani. A shekarar 1982 wuta ta cinye Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habou Béné, sai a 1987 aka buɗe sabon gininta. A 2012 kuma Ƙaramar Kasuwa, wato Habou Ganda, ta ƙone, kuma ba ta sake komawa yadda aka san ta ba.

To, abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a duniya akwai mutanen da sana'arsu ko abin sha'awarsu shi ne gina irin wannan kango da hannunsu, amma ɗan ƙarami, wanda zai zauna daram a kan tiren da uwargida ke tallar tumatir. Sukan gina titin da yaƙi ya ragargaza, su ajiye tankar yaƙi a tsakiyarsa, sannan su bi komai da fenti da ƙura har mai kallo ya rantse hoton gaske yake gani. Turawa na kiran abin diyorama, a ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuwa an fi jin kalmar maket.

Asalin sana'ar

Sarakunan yaƙi ne suka fara ɗaukar abin da muhimmanci. A shekarar 1668, zamanin Sarki Luwi na 14 na Faransa, aka fara ƙera ƙananan siffofin garuruwa masu ganuwa domin sarki da manyan sojojinsa su riƙa nazarin inda maƙiyi zai iya ɓullowa ba tare da sun bar fada ba. Wasu daga cikinsu na nan a ajiye a birnin Paris. Ita kuwa kalmar diyorama ta fito ne a 1822, lokacin da Louis Daguerre, mutumin da daga baya ya yi suna wajen ƙirƙiro hanyar ɗaukar hoto, ya buɗe wani gidan kallo da wannan suna a Paris.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da roba ta yi araha, sai abin ya shiga gidajen talakawa. Kamfanin Airfix na Ingila ya yi fice da ƙananan jiragen yaƙi, shi kuma Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fito da tankarsa ta farko a ma'aunin 1/35 a 1961. Ana sayar da su ne gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mai saye ya haɗa da gam, ya yi fenti. A shekarun 1970 wasu gwanaye biyu, Sheperd Paine na Amurka da François Verlinden na Beljiyam, suka yaɗa dabarun da ke sa sabuwar roba ta yi kama da ƙarfen da ya sha rana da wuta, kuma har yau masu sana'ar na bin sawunsu.

Lissafi kafin gini

'Yan kasuwa za su fi kowa gane wannan ɓangare, domin lissafi ne irin na mudu da tiya. Idan aka ce ma'aunin 1/35, ana nufin an raba tsawon kowane abu gida 35 an ɗauki ɗaya. Mutumin da tsayinsa ya kai mita 1 da santimita 75 zai koma santimita 5, bangon mita 3 da rabi zai koma santimita 10, bulon siminti mai tsawon santimita 40 kuwa zai ɗara santimita 1 da kaɗan. Idan aka kuskure wannan lissafi, ƙofa ta fi mota girma, ido zai gane nan take ko da mai kallo bai san dalili ba.

Bayan lissafi sai a sami katako mai faɗi a matsayin daɓe. Bango kuwa ana yanka shi ne daga farin soson nan mai karyewa da ake tallafe firji ko talabijin da shi a cikin kwali, ko kuma a kwaɓa garin filasta irin na masu yin silin, a zuba a cikin ɗan akwati, idan ya bushe a zana layin bulo da tsinin allura. Sai a karya shi da hannu, domin wuƙa takan yanka a miƙe, shi kuwa bango ba ya faɗuwa a miƙe. Siririyar waya ita ce rodi, tsinken ashana shi ne azara, gwangwanin lemo da aka danna a kan haƙoran mataji shi ne kwanon rufi.

Akwai wata ƙa'ida da gwanayen ke yawan nanatawa: bangon da ya faɗi ba ya ɓacewa. Idan an rushe rabin gida, dole a ga tarin ɓaraguzai a gindinsa daidai da abin da ya zube, manya a ƙasa, ƙanana da ƙura a sama da cikin lunguna. Wanda ya taɓa kwashe shagonsa bayan gobara ba ya buƙatar a koya masa wannan.

Yadda ake tsofar da sabon abu

Nan ne gwaninta take. Da farko akan shafa fentin asali a bar shi ya bushe. Daga nan sai a tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa har ya yi kamar ruwan shayi, a bi da shi, ya gangara cikin tsaguwa da kusurwoyi ya zama inuwa. Sai a ɗauki burushi a tsoma a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa shafa gefe-gefen abin a hankali, yadda bakin bulo da kan ƙusa za su fito fili.

Domin nuna inda fenti ya ɓare, wasu kan yi amfani da ɗan guntun soso, wasu kuma gishiri. Akan yi fentin tsatsa a ƙasa, a jiƙa wurin, a barbaɗa gishiri, a fesa fentin sama, idan ya bushe a kakkaɓe gishirin, sai tsatsar ta leƙo ta ƙananan ramuka. Ita kanta tsatsar ana iya samunta idan aka jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya aka bar shi kwanaki ya yi ja, sannan a niƙa. Baƙin hayaƙi kuwa garin gawayi ne, kuma a saman taga da ƙofa ake sa shi, saboda wuta sama take bi.

A Turai masu wannan aiki na sayen garin ƙura mai launi a cikin 'yan kwalabe da tsada. Mu kuwa a nan Allah Ya hore mana jar ƙasa da rairayin bakin kogin Kwara da ƙurar hunturu kyauta. Abin da ake buƙata kawai a tankaɗe ta da rariya, a soya ta a kasko domin danshi da ƙwari su fita, sannan a manna ta da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa.

Me ya sa sai kango?

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin mutum ya ɓata watanni yana gina rusau? Yawancin masu aikin suna kwaikwayon biranen Yaƙin Duniya na Biyu ne, musamman Stalingrad a Rasha, inda aka gwabza daga watan Agusta na 1942 zuwa Fabrairun 1943, da kuma Balin ta Jamus a 1945. Wasu sha'awar makamai ce kawai ke jan su, kuma ana sukarsu da cewa suna mayar da bala'i abin wasa. Wannan suka na da ƙamshin gaskiya idan tanka ta cika tire amma ba a nuna abin da ta yi wa masu gida ba.

Amma akwai masu yin aikin domin kada a manta. Mohamad Hafez, wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Siriya da ke zaune a Amurka, ya fara ƙera ƙananan lungunan birnin Damaskus ne saboda kewar gida a lokacin da yake ɗalibi. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsa a 2011, sai ayyukansa suka koma na gidajen da bam ya tsaga, ga shanya a kan igiya, ga kujera a kife. A 2017 shi da wani matashi ɗan Iraƙi, Ahmed Badr, suka gina ɗakunan wasu 'yan gudun hijira a cikin akwatunan tafiya, mai kallo na gani yana kuma sauraron muryar mai ɗakin tana ba da labari. Haka nan a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, wasu 'yan gudun hijirar Siriya sun ƙera ƙananan siffofin gine-ginen tarihin ƙasarsu da yumɓu da guntayen katako domin 'ya'yansu su san inda suka fito.

Namu tarihin ma akwai kango

Ba sai mun je Rasha aron yaƙi ba. Sunan Maourey ya samo asali ne daga Mawri, wato Arawa, waɗanda ke cikin mutanen farko da suka zauna a Yamai. A ƙasarsu ta Arewa ne, a garin Lugu, Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine a watan Afrilun 1899. A watan Mayu na wannan shekara rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. A can Kano kuma, ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa birni. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Da za a sami mai hannu ya gina ganuwar Ƙonni ko rumbunan Lugu a kan katako, ɗan makaranta zai fahimta a kallo ɗaya abin da malami zai yi mako yana bayani, domin gani ya kori ji.

Masu hannun kuwa muna da su. Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959 kuma ba shi da nisa da Maourey, ya daɗe yana tara maƙera da dukawa da masaƙa. A kasuwar Katako ana narka tsohon ƙarfe a fitar da tukunya. Yaranmu kuma na ƙera mota da waya da gwangwani da tsohon silifa ba tare da kowa ya koya musu ba. Bodys Isek Kingelez na Kinshasa, wanda ya rasu a 2015, da kwali da takarda da gwangwani ya riƙa gina biranensa, kuma a 2018 babban gidan nune-nunen MoMA na birnin New York ya baje kolin ayyukansa.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Na farko, Hajiya, idan kika ga ɗanki ya tara kwali da waya a bayan rumfa, ki duba aikin kafin ki ɗauki tsintsiya. Masu zanen gine-gine da kamfanonin gidaje na buƙatar maket domin nuna wa mai saye gida kafin a aza tubali, kuma lissafin da hannun duk iri ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, kusan duk kayan aikin a hannunku suke: gam, fenti, burushi, waya, filasta da kwalin da ake zubarwa kullum. Sai dai a kula, fentin feshi da gam mai ƙarfi suna narkar da farin soso, tina kuma na kama wuta, warinta na cutar da ƙirji. Kada a yi aikin a cikin rufaffen shago, kada a ajiye kayan kusa da murhu ko janareta, kada a bar reza a hannun ƙaramin yaro. Wanda kuma ke da damuwa a kan hukuncin surar mutum-mutumi ya tuntuɓi malaminsa. Gini da mota da rumfa kaɗai sun isa su ba da labari.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne batun shaida. Bayan kowace gobara ko rusau, gardamar da ke biyo baya ita ce rumfar wa ke ina, layin masu kifi daga ina ya fara, ƙofa nawa kasuwar ke da su. Dattawan da suka san Habou Béné ta kafin 1982 suna ta ƙarewa, kuma yaron da aka haifa bayan 2012 bai taɓa ganin Habou Ganda a lokacin da take cika tana batsewa ba. Birnin Warso na Folan, wanda yaƙi ya rusa mafi yawansa a 1944, da taimakon tsofaffin zane-zanen wani mai zane, Bernardo Bellotto, aka sake gina tsohon garinsa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya tattara tsofaffin hotuna, su zaunar da dattawa maza da mata su faɗi layi-layi, sannan a ba matasa aikin gina kasuwar a kan katako, ɗaya yadda take kafin wuta, ɗaya yadda ta wayi gari. A ajiye su a ofishin shugaban kasuwa, inda duk mai son jona waya ba bisa ƙa'ida ba zai gani kafin ya jona.

Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu, Ya tsare mu daga gobara da fitina, amin.