Ko Kun Sani? Duwatsun Tarmit

Ko kun san a arewa maso gabashin jihar Damagaram, can bayan Tasker, akwai jerin baƙaƙen duwatsu da ake kira Tarmit, inda rairayin Tin Tumma ke kwararowa har gindinsu? A 2012 gwamnatin Nijar ta keɓe yankin ya zama gandun namun daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka.

Ragon dutse na hawa tsaunukan, yanyawa da kunkuru na haƙa ramuka, Tubawa kuma na kiwon raƙuma a kewayen rijiyoyi. Amma sarauniyar wurin ita ce adaks, farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Danshin ciyawa ya ishe ta. Fari bai kawar da ita ba, sai ga mafarauta da motoci, ga kuma hanyoyin haƙar man Agadem. A ƙidayar 2016, guda uku kacal aka gani.