Ƙaramar Resista da Ke Tsare Inbata Daga Ƙonewa

Duk wanda ya buɗe cikin inbatar sola, irin wadda ta cika gidaje da shaguna a Kano da Maraɗi, zai tarar da sassa biyu waɗanda hikimar maƙera ta hukunta kada su haɗu: sashen da ke ba da umurni, mai aiki da wuta 'yar kaɗan kamar volt 3.3, da sashen da ke ɗaukar nauyi, inda ƙarfin wuta kan kai volt 400. A tsakaninsu akan ajiye wani ɗan IC mai isar da saƙo, wanda aka gina masa hijabi a cikinsa, ta yadda umurni zai ƙetare, amma babbar wuta ba za ta sami hanyar komowa ta halaka na'ura ko ta kama mai taɓa ta ba. Samfurin UCC21520 na kamfanin Texas Instruments, alal misali, hijabinsa na silika ne, kuma an gwada shi da volt 5,700.

Aikin wannan IC shi ne kunna makunnai biyu da ake kira MOSFET, na sama da na ƙasa, bi da bi, tamkar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, waɗanda tilas taɓaryar ɗaya ta tashi kafin ta ɗayar ta sauka. Idan makunnan suka buɗe tare, ko da na ƙiftawar ido ne, wuta za ta zarce kai tsaye ba tare da shamaki ba, su ƙone nan take. Saboda haka aka shar'anta ɗan jinkiri tsakanin rufewar wannan da buɗewar wancan.

Abin mamaki shi ne, maƙeran UCC21520 ba su ƙayyade tsawon jinkirin ba, sai suka bar wa mai haɗa allon ya zaɓa da resista guda, wadda ake liƙawa da dalma tsakanin ƙafar da aka rubuta wa DT da layin ƙasa. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: kowane ohm 1,000 yana ba da nanosakan 10, wato resista mai ohm 20,000 tana ba da nanosakan 200, alhali nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. In jinkirin ya gaza, makunnai su ƙone. In ya wuce kima, su yi ta ɗaukar zafi a banza, wutar da ke fita kuma ta gurɓace.

Don haka nasiharmu ga masu gyara ita ce, kada wanda ya sauya MOSFET ya rufe inbata sai ya auna wannan resista da mita, ya gwada abin da ya samu da takardar bayanin kamfani, domin kayan mutane amana ne, kuma sa resista bisa kintace zalunci ne ga mai kayan.